Yadda Malam Fes Ya Wanke Cikin Raƙuma

Malam Fes mai wanki da guga ne, kuma a faɗarsa, shekara ashirin da bakwai yana wannan sana'a ba a taɓa haifar dattin da ya gagare shi ba. Tawada, tsatsa, maiƙo, jinin nama, duk wanda ya faɗo hannunsa sai ya tuba. In ya gama da riga yakan ɗaga ta sama ya kaɗa, ya ce "fes", da mai saurare da babu, har sunan ya bi shi mutanen layin suka manta na gaskiyar. Abu biyu yake taƙama da su. Na farko dokarsa ta wanki mai hawa huɗu: a jiƙa, a cuɗa, a ɗauraye, a shanya. Na biyu kuwa, bai taɓa tsoma tufa a ruwa ba sai ya laluba aljihunta, kuma duk wanda ya yi kuskuren zama kusa da shi na minti goma sai ya sha labarin agogon da ya ceto daga wandon wani likita.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne keke. A kan keke yake kai wa mutane kayansu, ƙullin zannuwan gado a baya ya fi shi tsawo, iska na kaɗa shi hagu da dama, in hadari ya taso kuwa sai ya yi ta tsere da ruwa kamar wanda ya yi sata. Shi a ganinsa mutum mai basira irin tasa bai kamata a gan shi yana haki a kan hanya ba.

To, surukinsa, mahaifin matarsa, yana da mota. Tsohon ma'aikacin awon ƙasa ne, ana ce masa Baba Safiyo, ya yi shekara talatin yana ratsa daji da wata tsohuwar jif mai ja da ƙafa huɗu wadda ya raɗa wa suna Raƙuma. Fentinta ya koɗe, ƙofar baya da waya ake ɗaure ta, amma babu rafi ko tudun da ya taɓa mayar da ita baya. Yanzu idon Baba ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, kuma kowa a dangi ya san motar za ta koma hannun ɗaya daga cikin mazajen 'ya'yansa mata uku. Malam Fes ya daɗe da auna bayanta da ido, ya san zannuwan gado nawa za ta ɗauka.

Wata ranar Litinin Baba ya aika wa Malam Fes ya zo ya tuƙo su, shi da motar, zuwa tsakar gidan wankin. Da suka iso tsohon ya shafa sitiyarin ya daɗe bai sauka ba. Ya ce ta kwana biyu ba ta yi tafiyar kirki ba, a kai ta wajen Bakanike ya duba mata baƙin mai, shi kuma ranar Asabar zai dawo a zaga da shi ya ji muryarta.

"Duk abin da kake bukatar sani yana cikinta," in ji Baba. Ya miƙa masa makulli, aka raka shi ya hau motar haya.

Malam Fes bai bukaci a yi masa fassara ba. Jarrabawa ce. In Raƙuma ta yi kyau ranar Asabar, tasa ce, in ba ta yi ba, ta tafi gidan wani.

Garejin Bakanike yana tsallaken titi, daura da shagon Tela da na Mai Aski. Bakaniken mutum ne mai sanyin magana, ya buɗe bonet, ya kwance murfin da ake zuba mai, ya zura yatsa. Abin da ya fito da shi ba mai ba ne, wani baƙin dagwalo ne mai kauri, ya maƙale a yatsan ya ƙi ɗiga. Ya ce wannan shi ne ciwon tsofaffin motocin daji: mai ya daɗe ba a juye ba, zafi ya dafa shi, ƙura ta shiga, ga zaman wuri ɗaya, sai ya daskare ya lulluɓe cikin inji. Maganinsa haƙuri. A yi juye a sa sabon mai da sabuwar filta, a yi 'yar tafiya, a sake juyewa, sau uku ko huɗu, dattin ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan. Daga baya shi zai sauke kaskon da ke ƙarƙashin injin ya wanke rariyar da ke tsotso mai da hannunsa. Wata biyu, in an yi sa'a.

Malam Fes ya ce ranar Asabar yake so. Bakanike ya ce ranar Asabar za ta tashi ta yi tafiyarta lafiya lau, dattin ne dai ba zai gama fita ba.

"Wato in nuna wa surukina mota da ƙazanta a ciki?"

"Malam Fes, dattin nan tare suka tsufa. Akwai ramukan da shi ya toshe su. In ka tayar da shi gaba ɗaya, sai ya ɓalle ya toshe rariya, inji ya rasa mai."

Maganar ba ta shige Malam Fes ba, don ya shagala da kallon rigar aikin Bakanike. Rigar ta yi baƙi ƙirin, ba a gane launin da aka saye ta da shi. Nan take ya yanke hukunci a ransa cewa mutumin da ya kasa fitar da datti daga rigar jikinsa ba shi ne zai koya masa fitar da datti daga ko'ina ba.

"Maƙwabci," ya ce, "kai ƙarfe ka sani. Datti kuwa fannina ne."

"Haka ne. In ka gama ka kira ni in ga guga."

Mai Aski da ke tsaye a ƙofar shagonsa ya yi dariya, shi kuwa Malam Fes ya ɗauki maganar a matsayin yabo, ya ja motar ya mayar tsakar gida.

Matarsa tana tsince wake a bakin ƙofar kicin lokacin da ya bayyana mata shirinsa. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye shi abin da Baba ya ce a yi. Ya ce Baba ya ce a duba mai. Ta ce ita dai ta ji an ambaci Bakanike. Ya ce ai an kai, Bakanike ya duba, ya kuma amsa da bakinsa cewa aikin wata biyu zai ɗauke shi, to shi a kwana huɗu zai gama, kowace rana hawa ɗaya.

"Malam, motar nan ba wando ba ce."

"Datti dai datti ne, Maman yara. Bai san a jikin wa yake ba."

Ta ci gaba da tsintar wakenta, ta ce ta dai faɗa.

Ranar Talata aka fara jiƙo. Ya aro sifana wajen mai facin taya, don ba zai roƙi Bakanike ba, ya shimfiɗa tsohon buhu ya shige ƙarƙashin motar da babban bahonsa. Da ya kwance noti, ya jira mai ya zubo, shiru. Ya leƙa ramin da ido ɗaya ya ga ko lafiya. A daidai lokacin ne wani dunƙule ya saki, ya sauka a goshinsa, sauran suka biyo baya. Ya fito yana laluben tawul, Tela da ya leƙo ta katanga ya yi masa sallama sau biyu kafin ya gane shi. Malam Fes ya ce wannan alama ce mai kyau, datti ya ji an zo. Ya mayar da noti, ya kafa mazurari, ya ɗura wa injin kananzir har wuya, ya rufe, ya ce a bar shi ya sha.

Ranar Laraba ya zubar da kananzir ɗin, ya fito baƙi da gudaji-gudaji, abin ya ƙara masa ƙarfin gwiwa. Ya ɗora babbar tukunyar da yake dafa farare, ya tafasa ruwa, ya zazzaga garin sabulu gwangwani uku, ya kaɗa har kumfa ta hau, ya ɗura. Daga nan sai matsala ta taso. Kaya ba ya fita sai an cuɗa, inji kuwa ba ya cuɗuwa da hannu. Ya zagaya motar sau uku yana tunani, dabara ta faɗo masa. Ya tsallaka ya kira Tela da Mai Aski, ya ce taimakon minti biyar.

Ya sa Tela a dama, Mai Aski a hagu, shi ya hau kan bamba ta gaba, ya ce su jijjiga. Suka jijjiga. Raƙuma da ta saba da gargadar daji ta yi ta rangaji abinta, ruwan sabulu na kulkul a cikinta. Malam Fes yana tsalle yana ba da umarni, a ƙara ƙarfi, a sauya hannu, kamar yadda yake juya zanin gado a baho. Minti biyar ta zama arba'in. Wani mutum da Mai Aski ya bari da rabin aski ya biyo sawu da tawul a wuya, ya zo faɗa, aka ba shi wajen ƙofar baya ya kama. Wayar da ke riƙe da ƙofar ta tsinke, ƙofar ta buɗe ta zaunar da shi cikin kwandon kayan datti.

Bakanike ya tsallako yana goge hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya kalli abin da ke gudana. Ya tambayi Tela me aka zuba. Tela yana haki ya ce ruwan zafi da sabulu. Bakanike ya rufe ido na ɗan lokaci.

"Malam Fes, ruwa da cikin inji ba sa ga maciji. Ka bari in zo in tsane shi yau, tun abin bai yi nisa ba."

"Ka ga kishi," in ji Malam Fes daga kan bamba, yana duban su Tela. "Wata biyu ya ce. Yau kwana biyu."

"Sitaci fa? Yaushe za a sa?"

"Ba a sa wa mai maiƙo sitaci. Ka ga abin da nake faɗa, ba fanninka ba ne."

Ranar Alhamis ɗauraya. Ya kwance dogon murfin saman injin don ruwa ya ratsa sosai, ya jawo tiyo daga famfo ya saki. Ya tsaya yana kallon baƙin dagwalo na ɓallewa yana gangarawa cikin ramuka, zuciyarsa fari ƙal. Bai tambayi kansa inda gudajin suke tafiya ba. Da ya sunkuya ya duba ƙasa, sai ya ga ruwan ba ta ramin noti kaɗai yake fita ba. Yana ɗiga ta gaba, yana tsatsafowa ta gefen kasko, yana bin wani ƙarfe ta baya. Matarsa da ta zo ɗibar ruwa ta ƙirga wuri biyar, ta ce ita dai ranar Litinin ba ta ga motar tana yoyo ba. Ya ce ƙofofin iska ne da datti ya toshe, yanzu inji zai yi numfashi.

Ranar Juma'a shanya. Ya tura motar tsakiyar rana, ya wangale bonet, ya jera murfi da notuna a kan tabarma. A bakin murfin nan akwai wani siririn abu mai laushi da ke hana mai tsiyaya, wanda makanikai ke kira gaskit. Shi ma ya wanke shi ya rataya a igiya, tsakanin singileti da safa. Da ya bushe sai ya kanannaɗe ya yi tauri. Malam Fes bai taɓa barin abu ya fita daga hannunsa a yamutse ba. Ya shimfiɗa shi a teburin guga, ya yayyafa ruwa, ya ɗora dutsen guga. Wani wari ya tashi, da ya ɗaga dutsen rabin gaskit ɗin ya biyo shi, sauran ya karye gida huɗu.

Nan gabansa ya faɗi, karo na farko a makon. Ya leƙa tsallaken titi, ya ga Bakanike zaune a kan benci yana shan shayi. Taku ashirin ne tsakaninsu, amma girman kai ya mayar da shi tafiyar yini. Ya koma ɗakin guga, idonsa ya sauka a kan kwalayen da yake sakawa cikin riguna in ya ninke su. Ya ɗora murfin a kai, ya zana da fensir, ya yanka da almakashi, ya haɗa biyu don ƙarfi. Da ya ɗaure sai ga shi ya zauna daram, har ya ji haushin kuɗin da mutane ke kashewa a kan abin da kwali ke yi. Ya zuba sabon mai, ya goge bayan injin da tsumma har yana ɗaukar ido, ya ja da baya ya ce "fes".

Asabar ta waye da rana mai kyau. Tun da safe Malam Fes ya cika igiyoyin tsakar gida da farare zalla: zannuwan gadon wani ƙaramin asibiti da yake yi wa wanki, tawul-tawul ɗin Mai Aski, da sababbin riguna shida da Tela ya kawo a wanke a goge kafin masu su su zo karɓa da yamma. Ya ajiye Raƙuma a tsakiyarsu da bonet a buɗe. So yake surukinsa ya shigo ya ga tsabta ta ko'ina. Matarsa ta tuna masa cewa Baba ko fuskarta ba ya gani sosai. Ya ce fari ko makaho yana jin sa a jiki. Shi kansa ya saka farar rigarsa ta fita kunya, wadda ta sha sitaci har tana ƙara in ya motsa.

Ba a gayyaci kowa ba, amma duk layin ya zo, don labarin jijjiga ya zaga. Tela da Mai Aski suna gaba, mutumin rabin aski ma ya dawo ganin ƙarshen aikinsa. Bakanike ya tsaya jikin ƙofar direba, hannu a aljihu.

Aka shigo da Baba Safiyo, 'yarsa ta ajiye masa kujera a inuwa. Bayan gaisuwa ya ɗaga hanci ya shaƙi iska.

"Ina jin ƙamshin sabulu."

"Gidan wanki ne, Baba," in ji Malam Fes.

"Ta wajen motar nake jin sa."

Malam Fes ya yi murmushi, ya juya wajen jama'a ya yi ɗan jawabi. Ya ce akwai masu cewa wata biyu, bai kama suna ba. Ya ce ilmi ba a gareji kaɗai yake ba. Ya bayyana hawa huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, yana lanƙwasa yatsu. Yana cikin bayanin cuɗa ne Baba ya juya wajen 'yarsa ya tambaye ta a hankali ko da gaske ruwa aka zuba, ta ce masa har da tafasasshe. Kafin tsohon ya buɗe baki, Malam Fes ya riga ya shige mota ya murɗa makulli.

Raƙuma ta yi tari sau biyu ta tashi. Abin mamaki, muryarta ta fito sumul, har wasu suka tafa. Malam Fes ya leƙo ta taga yana neman idon Bakanike. Daɗi ya cika shi, ya ga kansa yana wucewa ta gaban garejin da zannuwan gado a baya, ruwan sama na zuba shi ko a jikinsa. Ya taka totur.

Tela ne ya fara ganin kumfa. Ta ɓullo ta bakin sandar awon mai, fara-fara mai ruwan ƙasa, tana hawa tana gangarowa. Wasu ƙwallayen kumfar suka tashi sama, yaran layin suka bi su da gudu. Mai Aski ya ce a miƙo masa reza, motar ta shirya. A gaban Malam Fes kuma wata 'yar jar wuta ta kama.

"Akwai wutar da ta kama?" in ji Baba daga kujerarsa, ya karkata kunne.

"Wata 'yar ja ce, Baba, mai hoton buta. Alamar an yi wanka ce."

"Kashe ta."

"Ragowar ɗauraya ce take fitarwa, yanzu za ta washe."

Daga cikin injin wani ƙwanƙwasa ya fara, kamar ana buga ƙofa da cokali, yana ƙaruwa. Baba ya miƙe tsaye da sandarsa ya sake cewa a kashe. Malam Fes ya ji, amma a sana'arsa in kumfa ta ƙi ƙarewa ƙara ruwa ake yi a ƙara ƙarfi, don haka ya fito da rabin jikinsa waje don ya ga injin da kyau, ya taka totur har ƙasa.

Kwalin riga ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya jiƙe, ya kumbura, sannan ya fashe ta gefe. Sabon mai da ruwan sabulu da dagwalon shekara talatin suka yi tsartuwa waje, fankar injin ta karɓa ta raba wa kowa rabonsa. Zannuwan asibiti suka samu, tawul-tawul suka samu, rigunan Tela shida babu wadda aka manta. Mutumin rabin aski ya samu a ɗaya gefen kan. Mafi tsoka kuwa ta sauka a ƙirjin farar rigar Malam Fes. Bakanike ya zura hannu ta taga ya murɗe makullin.

Tsakar gidan ta yi tsit, ba a jin komai sai ɗigar mai a ƙasa, wuri biyar. Tela ya taka a hankali ya je gaban rigunansa ya tsaya, ya ɗaga hannun ɗaya ya sake shi.

"Malam Fes," ya ce, "masu su ƙarfe huɗu za su zo. Hawa nawa za a yi kafin nan?"

Dariyar da kowa ke dannewa ta ɓalle. Malam Fes ya sauko daga motar, baƙin mai na bin gemunsa. Ya buɗe baki zai ce ai yanzu dattin ya fito, an ga shaida, sai ya ga surukinsa yana laluben gefen motar da hannu, yana shafa ta kamar mai duba marar lafiya. Ya fasa. Kunya ta rufe shi, da wani baƙin ciki na gaske, don ya san abin da motar nan take a wajen tsohon, ya kuma san ta kuɓuce masa.

Baba ya tambayi Bakanike ko ta mutu. Bakanike ya ce da an ƙara minti ɗaya da sai dai a sayar da ƙarfe. Gudajin sun toshe rariya, inji ya yi gudu babu mai, ga ruwa a ko'ina. Sai an sauke shi an buɗe an bi shi ɗaya bayan ɗaya. Za ta tashi, amma ba wata biyu ba kuma, huɗu.

Malam Fes ya durƙusa a gaban surukinsa, sitacin rigarsa na ƙara. Ya ce ya yi kuskure, a yafe masa, kuma duk wanda Baba ya ba motar cikin 'yan'uwan, shi zai tsaya a kan gyaran har ta tashi.

"Wa zan ba?" in ji Baba. "Ka buɗe aljihun gaba kuwa?"

Malam Fes ya ɗaga kai. A kwana biyar ɗin nan ya shiga ƙarƙashin motar, ya hau kanta, ya leƙa kowane rami na injinta, amma ɗan akwatin da ke gaban kujerar fasinja ko taɓa shi bai yi ba. Matarsa ta zagaya ta buɗe, ta fito da ambulan. A ciki akwai takardun mota, an riga an sauya su zuwa sunan mijinta tun makon jiya, da wata 'yar wasiƙa da manyan haruffa irin na mai raunin ido. Baba ya ce ta karanta kowa ya ji.

Ta karanta. Wasiƙar ta ce Raƙuma ta zama tasa daga ranar Litinin, Allah ya sa ta yi masa amfani a kan wankinsa. Ta ce cikinta akwai tsohon datti, kada a tayar masa da hankali, a bar Bakanike ya riƙa juye mai a hankali, domin wani dattin shi ke riƙe da ita. Layin ƙarshe kuma ya ce kada a kusanto da ruwa.

Mai Aski ya juya baya, kafaɗunsa na rawa. Baba ya dafa kan surukinsa, ya ji maiƙo, ya goge hannun a kafaɗar rigar, inda ya rage fari.

"Ɗana, motarka ka wanke, ba tawa ba. Ni da na rasa inda zan ajiye takardar, sai na ce a aljihu, tunda shekara goma sha tara kana gaya mini ba ka taɓa jiƙa kaya ba ka duba aljihu ba."

A ranar mutum takwas suka tura Raƙuma zuwa tsallaken titi, Malam Fes a sitiyari, Bakanike na gaba yana nuna hanya, baƙin layi na bin su a baya. Da suka isa Bakanike ya tuɓe rigar aikinsa ya miƙa masa, ya ce kowa ya kama fanninsa. Rigunan Tela da zannuwan asibiti sun fita bayan kwana uku na jiƙo da cuɗa, don gaskiya mutumin ya iya wanki, ko da yake Tela ya sha surutun masu kaya har ya yi mako ba ya amsa gaisuwarsa.

Farar rigar ce ta ƙi. Ya jiƙa, ya cuɗa, ya ɗauraye, ya shanya, ya sake komawa hawa na farko, tabon na nan a ƙirji, faɗinsa ya kai faranti. Matarsa ta hana a yar da ita, ta rataye ta a ƙusa a ɗakin guga. Har yanzu Malam Fes na kan kekensa, kullum da safe sai ya tsaya a gareji ya gai da motarsa, yana gaya wa masu wucewa cewa ba don shi ba da ba a gano tana yoyo wuri biyar ba. Amma in ya ɗauko zancen dattin da ba a haifa ba, matarsa takan ɗaga ido ta dubi ƙusar, sai ya tuna ya bar dutse a kan wuta. Labarin agogon likita kuwa, tun daga ranar Asabar ɗin nan ba a sake jin sa a layin ba.